Aljihun Gafakar Malam

Shafi na 23

Salamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan zaure. Na ga saƙonninku, har da mai cewa za ta biyo ni gida da tabarmarta. Ku yi haƙuri, baƙi na yi kwana biyu, kuma kun san ni da baƙo, in zance bai ƙare ba ba na sallamarsa. To ku matso.

*

"Gafaka?" Ƙasimu ya maimaita, yana dafe da sandarsa. "Wace gafakar, Inna?"

"Gafaka nawa ubanka ya bari?" in ji Inna Batulu. "Jakar fatar nan ta Alƙur'aninsa mana, na rubutun hannu. Ranar da ka dawo daga bariki ka yi jifa da takardar a tsakar gidan nan, kaji suna bi ta kai. Ni na ɗauka, na kakkaɓe, na kai masa."

Ai kun san gidajen malamai irin na da. A gidan marigayi Malam Sulaimanu, mahaifin Ƙasimu, babu wani akwatin ajiyar takardu. Takardar gona, takardar haihuwa, katin zaɓe, duk gafaka suke tafiya. A wajensu inda Alƙur'ani yake, ɓarawo ba ya kai hannu, yaro ba ya yaga.

Sati guda ke nan Ƙasimu da matarsa Nasiha suna birkice ɗakuna saboda wannan takarda. Shekara huɗu da korarsa daga soja, saboda ya ƙi yarda a yi masa allurar korona. Yanzu an kafa kwamiti zai sake duba irinsu. Duk wanda ya zo da ainihin takardar sallamarsa, ba kwafi ba, za a mayar masa da haƙƙinsa, har da katin asibitin sojoji.

Katin nan shi ne maganar. Akwai gutsuren ƙarfe a cinyar Ƙasimu tun yana fagen daga, bana ya motsa, wajen ya kumbura yana ruwa. Likita ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: in ba a yi babban aiki an cire shi kafin damina ta fita ba, ƙafar za a cire.

Kwamiti ranar Alhamis zai zauna. Yau Talata.

"To ina gafakar take?" Ƙasimu ya tambaya.

"Yo ba a gabanka aka ba Safiyanu ba, ranar sadakar arba'in? Wasiyyar Malam ce, babban ɗalibinsa shi zai riƙe. Tana Fagam."

Nasiha tana bakin murhu tana dama koko. Da ta ji an ambaci gafaka, ludayin ya suɓuce mata ya nutse a cikin ƙwarya.

"'Yar nan, lafiya?" Inna ta waiwayo.

"Lafiya lau, Inna. Zafi ne."

Ba zafi ba ne, 'ya'yana. Nasiha ta san gafakar nan. Ta san tana da wani ɗan aljihu ta baya, kuma ta taɓa gani da idonta an sa wani abu a ciki.

"Nasiha, ɗauko hijabinki," Ƙasimu ya ce. "Ba zan iya hawa da sauka ni kaɗai ba."

*

Motar Gwaram suka samu a tasha, aka ba shi gaba saboda ƙafar. Sun yi nisa da Birnin Kudu, gero ya rufe hanya hagu da dama, sai tayar baya ta yi faci. Direba ya buɗe but, safayar ma ba iska. Ya tsayar da mai babur ya tafi da ita neman mai faci, fasinjoji suka watse, wasu wajen mai gasa masara, wasu gindin bishiya.

Nasiha ta shimfiɗa masa ɗankwalinta na jaka a kan wani dutse a inuwar ɗorawa. Ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafar. Ta ga ruwan ciwon ya fara ɓullowa ta wando.

"Baban Khuzaima, bari in canza maka bandeji."

"Bar shi."

"Ƙuda na bi."

"Na ce ki bar shi."

Ranta ya ɓaci. Ita fa ma'aikaciyar lafiya ce, gida-gida take bi da akwatin rigakafi a Surko da Kiyako. Shekara huɗu tana shan gori. In ta yi sallama, wata daga cikin ɗaki sai ta ce, "Malama, ki fara yi wa mijinki tukuna." Ta haɗiye, ta yi dariyar yaƙe, ta ɗiga wa yaro magani ta fita.

Yau dai abin ya ƙi haɗiyuwa.

"Komai a bar shi," ta ce. "Allura a bar ta, bandeji a bar shi. Ga inda barin ya kawo mu, bakin titi."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ranar Alhamis in sun tambaye ka dalili, me za ka ce musu? Abin da ka ce min? Wai ba ka ga dama ba?"

"Nasiha."

"A'a, ka faɗa min in ji. Mutumin da aka yi wa ɗinki a daji ba maganin kashe zafi, shi ne zai ji tsoron allurar da nake yi wa tsofaffi suna hira? Shekara goma sha ɗaya kana aiki, ka zubar a kan taurin kai!"

"Ba taurin kai ba ne."

"To mene ne?"

Ya daɗe yana tona ƙasa da bakin sandarsa. Da ya yi magana, muryar ta sauka ƙasa sosai.

"Rantsuwa ce."

"Rantsuwar me?"

"Kin tuna hutun da na zo, lokacin ana ta surutu a kan allurar nan? Baba ya riga ya faɗa a gaban ɗalibansa, ya faɗa a masallaci, cewa babu jininsa da za a soka wa ita. Ranar da zan koma ya kira ni zaure. Ya zare Alƙur'anin daga gafaka, ya ce in ɗora hannu."



"Ka ɗora?"

"Ubana ne. In ce masa a'a?"

"Me ya hana ka gaya min?"

"In ce miki me? In ce aikin da kike fita yi kullum, surukinki ya rantsar da ni a kansa? Da wane ido za ki riƙa kai masa abinci?" Ya girgiza kai. "Gara ki ce ni ne mai taurin kai."

Wata babbar mota ta wuce, ta kaɗa musu iska. Ya jira ƙararta ta yi nisa.

"Sau uku ina kiransa daga bariki. Na ce Baba, an ba mu wa'adi, ka warware min, in yi kaffara. Ogana ma da kansa ya kira ni ofis, ya ce Kofur, kai ba mai gardama ba ne, wa ya riƙe ka? Na ƙame masa kawai. Kira na ƙarshe, ana gobe za a sallame mu, har kuka na yi wa Baba. Ya yi shiru, ya yi shiru, har na zaci waya ta yanke. Sai ya ce, rantsuwa tana nan."

"Ana gobe za a sallame ku," Nasiha ta maimaita a hankali. "Ran nawa ga wata aka sallame ku?"

"Sha huɗu. Me ya sa?"

"Ba komai."

Ta juya masa baya kamar tana neman abu a jaka. 

To bari in gaya muku abin da ke cikin Nasiha, don ku san abin da ya sa ta juya baya.

A shekarar da aka sallami Ƙasimu aka sake buɗe hanyar Makka, wani attajiri ya ba Malam Sulaimanu kujera. Kuma a lokacin ba a hawa jirgi sai da shaidar allura. Wata ranar Asabar da hantsi, Inna ta tafi barka, gida ba kowa, Malam ya aika a kira masa Nasiha. Ya ce ta zo da akwatinta. Ya tura ƙofa, ya naɗe hannun riga, ya kau da kai bango. Dattijon da gari ke tsoro, ranar ko ido bai iya haɗawa da ita ba.

Ta yi masa. Ta cika kati da hannunta, ta sa kwanan wata, ta sa hannu.

Sannan ya jawo gafakar nan, ya ce ta ɗora hannu. Kada Inna ta ji, kada ɗalibai su ji, kada mijinta ya ji. Ta ɗora tana murna a ranta, wai ta shawo kan tsoho. A gabanta ya tura katin cikin aljihun baya.

Biyar ga wata ta rubuta. Ba ta manta ba.

Biyar. Sha huɗu.

Ashe ranar da mijinta yake kuka a waya, tsohon yana zaune da allurar a damtsensa. Ashe da ta buɗe baki sau ɗaya, a cikin hirar da suke yi ta waya kullum bayan la'asar, da yanzu yana cikin kakinsa.

"Ga direba can," Ƙasimu ya ce. "Kama ni in tashi."

Ta kama shi. 

*

Bayan azahar suka isa Fagam. Malam Safiyanu yana zaurensa a kan buzu, dogon carbi a hannu, mutum siriri mai furfura a gemu. Yana ganin Ƙasimu ya miƙe tsaye.

"Ɗan Malam! Kai ne da sanda haka? Sannu, sannu. Ina Inna? Ina Khuzaima, amaryata, ko ta yi sabon miji ta manta da ni?"

"Tana nan, Malam, kullum sai ta ce ka yi mata tsufa."

"Ka ji 'yar banza. Ka ce mata na fasa."

Aka yi dariya, aka kawo ruwa da fura. Nasiha ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ta zauna a nan. Ƙasimu ya faɗi abin da ya kawo su, tun daga kwamiti har zuwa maganar likita.

Malam Safiyanu ya shiga ciki, ya fito rungume da gafakar, jar fata ta yi baƙi don shan hannu. Ya yi bisimilla ya kwance igiyar. Ya ɗaga Alƙur'anin, ya ɗora a kan matashi, ya zazzage jakar.

Babu komai.

"Na sauke shi ya fi sau ashirin," ya ce. "Ganye-ganye nake ɗagawa. Da akwai takardar boko a tsakani da na gani."

Ƙasimu ya karɓi jakar yana juyawa. Yatsansa suka tsaya a baya.

"Malam, nan fa? Akwai abu a nan. Ji yana ƙara."

Aljihun baya ne. An ɗinke bakinsa ruf da zaren fata, ɗinkin baduku, ƙanana-ƙanana.

Fuskar Malam Safiyanu ta canza. Ya miƙa hannu ya karɓe jakar, ya ɗora a cinyarsa.

"Wannan ba a taɓa shi."

"Kamar yaya ba a taɓa shi?"

"Malam da kansa ya sa aka ɗinke, bayan ya dawo daga Makka. Yana ciwon ajali ya kama hannuna ya ce, Safiyanu, ka karanta littafin, ka bar aljihun."

"Takardata ce a ciki!"

"Wataƙila. Ban gani ba."

"Malam, dubi ƙafar nan." Ƙasimu ya ja wandonsa sama. Warin ciwon ya tashi a zauren. "Jibi ne. In na wuce jibi shi ke nan, sun ce ba za su sake zama ba. Reza kawai za ka sa."

Malam Safiyanu ya dubi ciwon, ya runtse ido, ya yi salati.

"Ɗan Malam, wallahi da ƙafata za a karɓa a bar taka, da na bayar. Shekara talatin ina ɗaukar takalmin mahaifinka. Ban taɓa saɓa masa yana raye ba, sai yanzu da ba ya iya tashi ya tsawata min?"

"Ni ma ban saɓa masa ba!" Ƙasimu ya buga sandar a ƙasa. "Ga sakamakon nan kana gani!"

"Ka sassauta murya, akwai Alƙur'ani a buɗe."

 Can cikin gida ana daka, taɓarya na sauka ɗaya bayan ɗaya.

Nasiha tana kallon jakar. Wata zuciyar ta ce mata, yi shiru. Ba ke kika hana ba, wasiyya ce ta hana. Ku koma gida, asirinki a rufe, mijinki yana ganin mutuncinki. Ta dubi ƙafar. Ta san irin wannan kumburin, ta san launin da fata ke yi kafin a kira mai zarto.

"Malam," ta ce, "Allah ya gafarta. Haka kawai ya ce a bar shi? Bai faɗi wani sharaɗi ba?"

Malam Safiyanu ya dube ta, kamar yanzu ya lura tana wajen.

"Ya faɗa. Amma sharaɗin ba ya hannunmu."

"Mene ne?"

"Ya ce abin kunyarsa ne a ciki, kuma bayan shi mutum ɗaya ne ya sani a duniya, wanda ya rantsar a kai. Ya ce ya ɗaure bakin bawan Allah, ba shi da ikon tona shi. In mutumin nan ya zo da ƙafarsa ya ce a farke, a farke. In bai zo ba, a bar shi har fatar ta ruɓe." Ya buɗe hannuwa. "Bai faɗi suna ba. Shekara biyu ina zuba ido, ba wanda ya zo."

"Ni ne," Ƙasimu ya yi caraf. "Ni ya rantsar."

"Ka san abin da ke ciki?"

"Takardata."

"Takardarka ba abin kunyarsa ba ce da zai ce mutum ɗaya ya sani. Duk Birnin Kudu an san an sallame ka. Ya ce alamar mutumin, zai faɗi abin da ke ciki kafin a buɗe."

Ƙasimu ya sunkuyar da kai. Ya jawo sandarsa, ya fara neman tashi.

"Tashi mu tafi, Nasiha. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Ba ta motsa ba.

"Nasiha."

"Kati ne," ta ce.

Su biyun suka juyo.

"Ƙaramin kati ne, an naɗe shi biyu. Akwai tabon shuɗin biro a gefensa na dama, inda biron ya yi yoyo." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Ni ce ya rantsar, Malam. Na zo da ƙafata. Zan yi kaffara. A farke."

"Ke?" Ƙasimu ya koma ya zauna. "Ke da Baba? Katin me?"

"Ka bari a fito maka da takardarka tukuna."

"Ina tambayarki, katin me?"

Malam Safiyanu ya gyara zama. Ya laluba ƙarƙashin buzu ya ɗauko rezar da yake fiƙe alƙalami da ita. Ya yi bisimilla. Ɗinki ɗaya, biyu, uku, zaren na tsinkewa da 'yar ƙara.

Ya zura yatsu biyu ya jawo.

Farar takarda ce mai kauri, an ninke ta huɗu. Ƙasimu ya fizge ya warware. Ga sunansa, ga lambarsa, ga hatimi, ko gara ba ta taɓa ba.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ita ce. Wallahi ita ce."

Sai wani abu ya zamo daga cikin ninkin ya faɗi a kan buzu.

Ƙaramin kati. Da tabon shuɗi a gefe.

Nasiha ta rarrafo. "Baban Khuzaima, don girman Allah ka saurare ni kafin ka..."

Ya riga ya ɗauka.

Ta ga idonsa yana bin layin farko, inda sunan mahaifinsa yake. Ya tsaya. Ya koma farko ya sake bi. Ya sauka layi na biyu, sunan allurar. Ya sauka na uku.

"Biyar ga wata," ya ce.



"Biyar ga wata. Ni kuma ran sha uku na kira shi." Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta da daɗin ji. "Ina kuka, Malam. Ƙato da ni, a bayan ɗakin ajiye makamai, ina kuka."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Malam Safiyanu yake ta maimaitawa. Carbin ya faɗi daga hannunsa.

Ƙasimu ya kai babban yatsansa ƙasan katin, ya tsaya a kan sa hannun. Ya san shi. Shi ne a katin rigakafin Khuzaima, shi ne a ƙarshen kowace wasiƙa da aka taɓa sa masa a cikin jaka in zai koma daji.

"Wannan hannun wa ne?"

"Nawa ne."

"Kullum bayan la'asar ina kiranki."

"Ban san ya rantsar da kai ba! Wallahi tallahi sai yau a bakin titi na ji! Ni ma hannuna ya ɗora a kan..."

"Kwana tara ina kiranki. Kina ba ni labarin kaji da kuɗin makaranta."

"Ka je jibi a duba ka," ta ce, tana riƙe da bakin rigarsa. "Ka ceci ƙafarka. In ka dawo ka yi min duk hukuncin da ka ga dama, na yarda."

Ya dubi hannunta har sai da ta saki.

Ya ninke takardar sallamar a hankali, ya sa a aljihun gaba. Katin kuma ya ajiye shi a gabanta, a ƙasa.

Sannan ya juya wajen Malam Safiyanu.

"Malam, a taimaka min da biro da farar takarda."

"Ɗan Malam, ka ji tsoron Allah. Me za ka rubuta a cikin wannan hali, ba dai saki ba?"

 Ƙasimu ya miƙa hannu, ya bar shi a miƙe.